Daren Asabar a Sabon Gari

Daren Asabar na je gaida Baba Filibus,
gobe za a ɗora mini hannu.
An ɗauke wuta a layinsu tun la'asar,
janaretan maƙwabta sai gunaguni yake.
Shi kuwa yana kan tabarma, yana ta rufe masa ido,
duhu da fitila duk ɗaya ne a wurinsa.

Ya ce, "Habila, ɗauko mini tsofaffin wasiƙun nan
da dattijo ya aika wa yaronsa
tun ikilisiya na taruwa a ɗakunan mutane,
ba ƙararrawa, ba benci, ba lasifika."
Na haska wayata, na soma karantawa.

Na zaci tsawa zan ji.
Sai ga maganar matan da mazansu suka rasu,
da wanda ya isa a damƙa masa kuɗi,
da mai saurin fushi, da mai cin gardama kamar tuwo,
da yadda ake yi wa tsoho gyara
ba tare da hularsa ta faɗi ƙasa ba.
Har ciwon cikin yaron bai wuce masa ba.

Na ce, "Baba, wannan ai hirar cikin gida ce."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"To, da me ka zata?
Makiyayi da ƙafa yake wa'azi.

"Akwai wata Lahadi, ina da ƙuruciya kamarka,
na yi wa'azin da mata suka rangaɗa guɗa.
A daren nan Tabita ta kwana da yunwa a Tudun Murtala,
ita da 'ya'yanta uku, ban sani ba.
Alhaji Sabitu mai shago, maƙwabcinta,
shi ya aika mata kwanon garin masara.
Da muka haɗu a bakin kasuwa ya faɗa mini,
bai ɗaga murya ba, bai ko dube ni ba.
Shekara talatin ke nan,
har yanzu garin nan bai wuce mini a wuya ba."

Ya lalubi ƙarƙashin matashi,
ya zaro wani littafi mai shuɗin bango,
gefensa ya sha manja da gumi.
Sunaye ne kawai a ciki.

"Irimiya da Zakka ba sa ga-maciji tun rikicin fili.
Kada ka zaunar da su benci ɗaya,
kada kuma ka bar su haka.
Laraba ba ta roƙo, sai ka duba murhunta.
Baiko, kada ka ƙirga kai kaɗai,
ko mala'ika ne kai, kira mutum biyu.
In ka dawo gida da dare, ajiye muryar mumbari a ƙofa,
Rifkatu mijinta take jira, ba fasto ba."

Na ce, "Sai me kuma, Baba?"
Ya ce, "Sai barci. Ja mini ƙofa."

Na fito titi, hayaƙin tsire ya tare ni,
'yan adaidaita sahu na ta rige-rigen fasinja.
A aljihun hagu wa'azina, shafi goma sha biyu,
na yi mako uku ina goge shi.
A na dama littafin Baba,
shi ne ya fi rinjayar rigar.

Kiran assalatu daga Fagge ya same ni zaune,
ban taɓa wa'azin ba,
ina bin sunaye da yatsa.
Ɗari da tara.
Goma sha ɗaya an ja musu layi, sun riga mu gida.
Bakwai ban san fuskarsu ba.

Ƙarfe tara za a fara sujada.
Rifkatu ta goge mini farar riga, ta rataye.
Na tambaye ta, "Gidan Laraba,
kafin famfo yake, ko bayansa?"